Kafin rigar digiri, a fara da baƙi da wasali a gidajen gyaran hali

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan karatu a gidajen yari, waɗanda dokar 2019 ta sauya wa suna zuwa gidajen gyaran hali, da kuma abin da ya rataya a wuyan sassan nazarin laifuka da shari'a na jami'o'inmu game da shi.

Duk lokacin da Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, ta yaye ɗalibai, akan ga hoton ɗaurarru sanye da rigar digiri a Kirikiri ko Kuje ko Inugu. Abin farin ciki ne, kuma ba mu raina shi ba. A zamanin Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya kama shugabancin jami'ar a 2016, an yafe wa ɗaurarru kuɗin makaranta, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta ba Hukumar Gidajen Yari ta Najeriya lambar yabo ta yaƙi da jahilci saboda wannan shiri. Amma a dubi lissafin. Mutanen da ke tsare a ƙasar nan sun kai wajen dubu 80, kuma kusan biyu cikin kowane uku jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. NOUN kuwa ba ta ɗaukar ɗalibi sai yana da kiredit biyar na sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi. Yaron da aka kwaso daga tasha ko bakin kasuwa aka kai gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano, wanda sau da yawa ko firamare bai gama ba, ina shi ina wannan ƙofa? Rufin ɗaki muke ta yabo, alhali ba a haƙa tushe ba.

Aikin ya kamata ya fara tun ranar da aka kawo mutum. A ofishin karɓar baƙi ana rubuta suna da laifin da ake tuhuma da kotun da ta turo shi, ana ɗaukar hoto da zanen yatsa. A ƙara gwajin minti goma a cikin makon farko. A ba shi gajeren rubutu na Hausar boko ya karanta, a ba shi irinsa da ajami, a ce ya rubuta sunansa da na garinsu, sannan a yi masa lissafin kuɗi guda uku da baki, uku a rubuce. Dalilin sa ajami shi ne, da yawa daga cikin waɗanda ake rubuta wa "bai yi karatu ba" a fom sun yi shekaru a makarantar allo. Wanda ya san cewa baƙi yana tsayawa a madadin sauti, ya san fataha da kisira da rufu'a, ba jahili ba ne, kuma ba sai an mai da shi ajin wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. In malami ya jera baƙaƙen boko kusa da takwarorinsu na ajami a allo, irin wannan ɗalibi kan kama karatun Hausa da sauri ƙwarai. In aka haɗa shi da ɗan koyo na farko, gundura za ta kore shi cikin mako biyu. Daga wannan gwaji sai a raba mutane gida huɗu: wanda bai iya komai ba, mai ajami kaɗai, wanda ya taɓa firamare, da wanda ya kai sakandare.

Kuma a fara da Hausa. Ajin da aka buɗe da A, B, C na Turanci ga magidanci ɗan shekara talatin da biyar wanda ba ya jin Turanci, aji ne da zai watse. Ya iya karanta wasiƙar matarsa da kansa tukuna, ya iya rubuta ranar da zai koma kotu da lambar shari'arsa, Turanci ya biyo baya.

Inda gizo ke saƙa shi ne masu jiran shari'a. A gidaje da yawa ba a sa su a ajin karatu ko ɗakin koyon sana'a, saboda dalilai biyu: ana ganin sun fi hatsarin gudu, kuma babu wanda ya san ko gobe za a sallame su. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi da dama suka yi irin tasu, ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ana iya ƙara 14, sannan wasu 14 wanda a cikinsu dole hukuma ta kawo hujjar ci gaba da riƙe mutum, in ta kawo ana iya ƙara 14 na ƙarshe. Ta kuma wajabta wa shugaban hukumar gidajen yari ya riƙa miƙa jerin sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 suna jira, duk bayan kwana 90. A aikace kuwa kowa ya san yadda abin yake. Ana gurfanar da mutum gaban majistare a kan laifin da kotun ba ta da hurumin saurara, kamar fashi ko kisa, a tura shi gidan yari, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a neman shawarar lauyoyin gwamnati, daga nan sai shekara ta zagayo. Wanda aka ce ba za a sa shi aji ba don "ba zai daɗe ba" sai ya yi shekara uku a ɗaki ɗaya da gwanayen ɓarayi, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Maganin wannan shi ne a daina tsara karatun gidan yari bisa zangon makarantar waje. A yanka manhajar gunduwa-gunduwa, kowane kashi mako shida, kwana uku a mako, awa biyu a rana, wato awa 36. Kowane kashi ya zama yana da abu ɗaya da za a ce an iya a ƙarshensa: na farko baƙaƙe da haɗa gaɓa, na biyu karanta gajeren labari da rubuta wasiƙa, na uku tarawa da ɗebewa da rubuta cinikin yini a littafi, haka har zuwa takwas. Duk wanda ya gama kashi a buga masa hatimi a katinsa, kati ɗaya a hannunsa, kwafi a fayil ɗinsa. In an ba da belinsa bayan kashi na uku, ya fita da abin da ya samu, kuma ajin yaƙi da jahilci na unguwarsu ya karɓe shi daga na huɗu. In an mai da shi wani gidan, katin ya bi shi. Sauyin gida ba tare da sanarwa ba na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe karatu a ciki, musamman tun bayan harin Kuje na watan Yulin 2022 da aka ƙara tsaurara tsaro. Ba mu ce kada a sauya wa kowa gida ba. A dai sa wa fayil ɗin mai karatu alama, jami'in walwala ya san da tafiyar, wanda kuma ya yi rajistar jarrabawa a jinkirta tasa sai ya rubuta, sai fa in akwai dalilin tsaro na gaske.

Lokacin aji ma sai an yi masa dabara. Ba a buɗe ɗakuna sai an gama ƙidayar safe, ana kulle su tun rana ba ta faɗi ba, a tsakani ga fita kotu, ga ziyara, ga rabon abinci, ga sallah. Abin da ke saura bai fi awa biyu zuwa uku ba, kuma mafi kyawunsu su ne bayan karin safe zuwa kafin azahar. A sa aji kafin a ci abinci, ba wanda zai zo. Kuɗin ciyar da ɗaurarre ya kasance naira 750 a yini kafin a ɗaga shi zuwa 1,125 a 2024, kuma duk mai zuwa cefane ya san abin da wannan kuɗi zai saya. Mai jin yunwa ba ya riƙe karatu. Aji kada ya wuce mutum 25, kuma dole a ware gandiroba ɗaya da sunansa a jadawalin aiki don rakiyar ɗalibai. In aka bar abin a "duk wanda ke kusa", ranar da aka yi ƙarancin ma'aikata, ajin ne abu na farko da za a soke, sau uku aka yi haka a jere kuwa shi ke nan.

Kayan aiki ba su da tsada, amma suna da ƙa'ida. Fensir ya fi biro, a ƙirga shi a shiga, a ƙirga a fita. Littafin rubutu a sa wa shafukansa lamba, domin takarda tana da kasuwa a ciki. Akwatin lissafi na 'yan sakandare akwai kamfas mai tsini a ciki, ba a barinsa a ɗakin kwana, yana zama a hannun malami. Masu kai gudummawar littattafai su tambaya kafin su kai. Ana tara wa gidajen yari tsofaffin littattafan Turanci na jami'a da ba mai buɗewa, alhali abin da ake nema shi ne littattafan koyon karatu na Hausa, da na labarai masu sauƙi, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa.

Su wa za su koyar? Hukumomin ilimin manya na jihohi aikinsu ne. Ta Kano, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, tana da manhaja da malamai da takardar shaida da ake karɓa. A ƙara da masu yi wa ƙasa hidima, da kuma ɗaurarrun da suka yi karatu, domin babu gidan da za a rasa tsohon malamin makaranta ko mai difloma a ciki. Waɗannan na ƙarshe su ne ginshiƙi, don kullum suna nan, amma sai an sa ido. Wanda aka ba rajistar aji an ba shi iko, yana iya sayar da gurbi da sabulu ko rabin kwanon abinci. Rajista ta zauna wurin jami'in walwala, zaɓen ɗalibai kuma ya bi sakamakon gwajin shiga. Ɓangaren mata kuwa, saboda ba su da yawa, shi ake fara mantawa. Ko su goma ne a ba su malama tasu da lokacinsu, a kuma yarda mai goyo ta shigo da ɗanta.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba, shi ne ran gandiroba. Mutumin da ke fama da kuɗin makarantar 'ya'yansa, shi kansa takardar sakandare kawai gare shi, a ce ya riƙa rako wanda ya yi fashi zuwa ajin digiri kyauta, ba kowa ne zuciyarsa za ta ɗauka ba. Ba sai ya fito ya ƙi ba, jinkirin buɗe ƙofa na minti arba'in ya isa ya kashe darasi. Shirin da ya ware wa ma'aikata nasu gurbi, ko rangwamen kuɗi, ko damar amfani da ɗakin kwamfuta da yamma, shi ne mai ɗorewa.

Ga waɗanda suka kai matakin jarrabawa, matsalolin na takarda ne. NECO da WAEC suna da jarrabawar waɗanda ba sa cikin makaranta, NABTEB na da ta sana'o'i, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma na ba da shaidar gwajin sana'a mataki na uku da na biyu da na ɗaya ga tela da kafinta da mai walda. Rajistar yanzu ta intanet ce, ana neman hoto da zanen yatsa, kuma lambar shaidar ɗan ƙasa ta zama dole a mafi yawan wurare. Ɗaurarre ba zai je layi a ofishin katin ɗan ƙasa ba, sai an kawo na'urar ciki, kuma a yi haka wata uku kafin rufe rajista. A kuma lura da suna. Da yawa an rubuta su a takardar kotu da laƙabi ko da sunan da suka ba 'yan sanda cikin firgici. In shaidar jarrabawa ta fito da wannan suna, ba ta da amfani gare shi a waje. A yi rajista da sunansa na yanka kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa. Shaidar kuma kada ta ɗauki sunan gidan yari a fuskarta. Sashe na 14 na dokar 2019 ya tanadi shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya gyaru, ya kuma hana a nuna wa mai ita bambanci, amma mai ɗaukar aiki da ya ga "Kurmawa" a takarda ya riga ya yanke shawara.

Su kuma ɗaliban NOUN, aikin gida da ake yi ta intanet shi ke ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawa 70, kuma 'yan aji ɗaya da biyu a kwamfuta suke rubuta tasu. Waya haramun ce a ciki, don haka komai ya dogara ga ɗakin kwamfuta da wuta. Kwamfutar tafi-da-gidanka guda goma da fanka da fitila ba za su ci fiye da kilowat ɗaya ba. Faranti huɗu zuwa shida na sola masu wat 400, inbata ɗaya, da batir mai riƙe kilowat-awa biyar sun isa aikin yini. A sauke duk littattafan kwasa-kwasai a kan kwamfuta ɗaya ta zama rumbu, sauran su riƙa ɗiba daga gare ta ba tare da intanet ba. Layin waje a buɗe shi a ranakun aikin gida da jarrabawa kaɗai, a kan shafin jami'a kaɗai, jami'i na zaune. Janareta ba mafita ba ce, ranar da babu kuɗin mai, ɗalibi ya rasa maki 30.

Yanzu ga namu ɓangaren, jami'o'i. Ana ba da digirin nazarin laifuka da tsaro a Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse da NOUN da wasunsu, ga sassan shari'a da na nazarin zamantakewa. Ɗalibi kan haddace ra'ayoyin masanan Turai da Amurka a kan dalilin aikata laifi, ya gama shekara huɗu, iyakar saninsa da gidan yari ziyarar yini ɗaya, a zagaya da su cikin ayari suna leƙen mutane ta taga. Wannan ziyara ba ta koyar da komai, kuma tana ci wa na ciki mutunci. Akwai hanyar da ta fi. A 1997 wata malama mai suna Lori Pompa a Jami'ar Temple da ke Filadelfiya a Amurka ta fara kai ɗalibanta su yi kwas guda cur tare da ɗaurarru, bisa shawarar wani mai ɗaurin rai da rai. Kimanin mutum 15 daga waje, 15 daga ciki, sau ɗaya a mako har ƙarshen zango, a zauna a da'ira a cakuɗe, littafi ɗaya, aikin gida ɗaya. Ƙa'idojin masu tsauri ne: sunan farko kawai ake faɗa, ba a tambayar kowa laifinsa, ba kyauta, ba hulɗa bayan aji, kuma na waje ba su zo nazarin na ciki ko taimakonsu ba, abokan karatu ne. Ana iya gwada wannan a Kaduna ko Kuje inda akwai masu karatun digiri. A sauran gidaje kuwa, 'yan aji uku na jami'a su yi wata shida na koyon aiki suna koyar da baƙi da wasali, ɗaliban lauya kuma su bi fayilolin waɗanda suka wuce kwana 180 ƙarƙashin kulawar malaminsu.

Bincike ma sai mun gyara. Abin da aka saba shi ne ɗalibi ya samo izini daga Kwanturolan jiha, wato shugaban gidajen gyaran hali na jihar, ya kawo takardar tambayoyi guda ɗari da Turanci, ya miƙa wa jami'i, jami'i ya zaɓo masu ladabi da suka iya rubutu, su cike yana tsaye a kansu. Sakamakon kullum ɗaya ne: abinci ba laifi, ana gyaruwa. Wannan ba bincike ba ne. Sunayen waɗanda za a tambaya a ɗebo su ta ƙuri'a daga rajistar gida, har da masu jiran shari'a. Tambaya a yi ta da baki, da Hausa, a inda jami'i ke hangen mai tambaya amma ba ya jin magana. A gaya wa mutum tun farko, a kuma maimaita, cewa amsarsa ba za ta rage masa kwana ko ta kai shi gaban alƙali ba, kuma in ya ƙi ba abin da zai same shi, domin wanda ke kulle duk baƙon da ya gani da takarda lauya yake zato. Kada a tambayi mai jiran shari'a ko ya aikata abin da ake tuhumarsa, wannan amsa na iya zama hujja a kansa.

Ana yawan kawo binciken cibiyar RAND ta Amurka na 2013, wanda ya nuna cewa yiwuwar komawa kurkuku ta ragu da kashi 43 cikin 100 ga waɗanda suka yi karatu a ciki. Da aka sake bitar aikin a 2018 da bincike mafi inganci, adadin ya sauko zuwa 28. Ko a can ma akwai tarko: wanda ya kai kansa aji tun asali mai niyyar shiryuwa ne, don haka ba duk bambancin ne na karatu ba. Kuma Amurka ba Gusau ba ce. Namu adadin sai mun auna da kanmu, ta hanyar bin mutanen da aka sallama shekara uku, a kwatanta waɗanda suka samu gurbin aji da waɗanda suka nema amma gurbi ya ƙare, a kuma gane mai dawowa da zanen yatsa, tunda suna ana sauya shi. Aikin digirin digirgir ne guda, ba na mako biyu ba.

Ƙa'ida ta 104 cikin ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, ta ce karatun ɗaurarren da bai iya karatu ba da na matashi wajibi ne, kuma a haɗa shi da tsarin ilimin ƙasa don ya ci gaba in ya fita. Tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023 kuma, harkar gidajen gyaran hali ta shiga jerin abubuwan da jihohi ke da hannu a ciki, ga shi mafi yawan waɗanda ke tsare dokokin jihohi ake tuhumarsu da karyawa. Gwamna ba zai ƙara cewa aikin Abuja ne ba. Sabon gidan Janguza da ke Kano mai cin mutum 3,000 wuri ne da ya kamata a fara wannan tsari tun daga ranar shiga.

Muna roƙonka, ya Edita, ka tura wakilanka ga Kwanturolan kowace jiha da shugaban hukumar ilimin manya da tambaya uku: mutum nawa ne a gidajenku ba su iya karatu ba, nawa daga cikin masu jiran shari'a suka zauna a aji a makon jiya, kuma malamai nawa jiha ta turo. A buga amsoshin jiha bayan jiha, har da waɗanda suka ce ba su da lissafin.

Wassalam.

Daga wasu malaman nazarin laifuka da ilimin manya, Kano.